Littafin aikin haɗa shagunan Sakkwato, Illela da Tambuwal: matsalar girman fakiti

Litinin, 13 ga Janairu

Bututun VPN, wato ɓoyayyar hanyar sadarwa ta cikin intanet, tsakanin babban shago da reshen Illela ya fara aiki tun ranar Asabar. WireGuard, manhajar da ke gina irin wannan bututu, na ɗora a kan rautocin MikroTik, na'urorin da ke bi da zirga-zirgar netwok, ɗaya a nan cikin garin Sakkwato, ɗaya can bakin iyaka. Buƙatar Alhaji, mai shagunan, a fili take: manhajar lissafin kaya tana kan uwar garke a babban shago, shi kuma yana so duk buhun taki, iri ko maganin feshi da ya fita daga rassa ya gan shi nan take, ba sai an jira direba ya zo da littafi ba. Reshen Tambuwal zai biyo baya.

Layin babban shago faiba ne, ta hanyar PPPoE yake shigowa, wato tsarin shiga layi da suna da kalmar sirri. Na Illela kuwa rautar 4G ce mai SIM, kuma adireshin da kamfanin waya ke ba ta yana cikin jerin 100.64, wanda ba a iya kiransa daga waje. Saboda haka ita ce ke fara neman babban shago kullum, kuma na sa ta riƙa aika ɗan saƙo kowace daƙiƙa 25 don kada NAT ɗin kamfanin, tsarin da ke raba adireshi ɗaya ga masu waya da yawa, ya manta da ita.

Yau da hantsi yaron da ke riƙe da kwamfutar Illela ya kira. Shafin shiga yana buɗewa, ya sa suna da kalmar sirri, ya wuce. Ya nemi farashin kaya guda, ya fito. Da ya danna rahoton abin da ya rage a sito, sai alamar jira ta yi ta juyawa har ta gaji. Haka ma hoton takardar rakiyar kaya, ya ƙi hawa. Ping kuwa, ɗan saƙon gwajin hanya, yana zuwa yana dawowa tsakanin rautocin babu asara, gaisuwar WireGuard tana sabuntawa kowane minti biyu yadda ta saba.

Alhaji ya tare ni bayan azahar. "Injiniya, wanga abu sabis na, ko na'urar taku ta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da yake ƙarami yana wucewa, babba ne ke maƙalewa. Zargina yana kan girman fakiti, amma a bar ni in auna tukuna."

Laraba, 15 ga Janairu

Na zo Illela da kaina. Hazo ya sauko sosai tun daga Gwadabawa, direbobi da fitila a kunne da rana tsaka. Rautar tana ɗaure da waya a jikin ƙarfen taga, don a nan ne kawai sabis ke cika, ƙura ta yi mata fari fat har ramukan shan iskarta sun toshe. Na goge ta, na zauna kan buhun yuriya na jona laftof.

Bari in rubuta lissafin a nan don wanda zai gaji aikin. Hanyar Ethernet ta yau da kullum tana ɗaukar fakiti, wato ƙunshin bayani guda, mai bayit 1500, shi ne MTU ɗinta, mafi girman da za ta iya ɗauka. Ping yana ɗora bayit 28 a kan abin da ka ba shi: 20 na kan IP, 8 na ICMP, tsarin saƙonnin gwaji da sanar da matsala. Don haka idan ana son gwada cikakken fakiti a Windows sai a rubuta ping -f -l 1472, inda -f ɗin ke sa alamar DF, wato kada kowa ya gutsura wannan fakiti a hanya. A Linux kuma ping -M do -s 1472 ne. A rautar MikroTik lambar da ake bayarwa ta haɗa da kan fakitin gaba ɗaya, 1500 ake rubutawa kai tsaye. Wannan bambanci yana rikita mutane da yawa, har mutum ya yi ta gardama da abokin aikinsa alhali abu ɗaya suka auna.

Na auna hanyar waje, ba ta cikin bututu ba, daga Illela zuwa adireshin faibar babban shago. Da 1472 babu amsa. Na sauko 1300, ya wuce. Na yi ta raba tsakani ina matsowa har na tsaya a kan iyaka: 1372 yana wucewa, 1373 ba ya wucewa. Idan aka ƙara 28, hanyar 1400 take ɗauka, ko da yake mashigar 4G ta rautar tana nuna 1500 abinta.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Kamfanonin waya su ma cikin nasu bututun suke jigilar bayananmu daga hasumiya zuwa cibiya, ana ce masa GTP, kuma yana cin aƙalla bayit 36, ban da abin da ɓoye bayanai zai ƙara idan sun ɗora shi. Abin da ya dame ni shi ne shirun. Idan na'ura a hanya ta ga fakiti ya fi ƙarfin ƙofarta kuma yana ɗauke da DF, ƙa'ida ita ce ta jefar da shi ta kuma aiko da saƙon ICMP, nau'i na 3 lamba ta 4, ta faɗi girman da za ta iya ɗauka. A nan ba abin da ya dawo. Lokaci kawai ke ƙarewa.

WireGuard a kan IPv4 yana ɗora bayit 60: 20 na sabon kan IP, 8 na UDP, tsarin aikawa da ba ya jiran tabbacin isowa, 32 nasa na kansa. MTU ɗin da yake zuwa da shi 1420 ne. To 1420 a haɗa da 60 sun zama 1480, ana tura su ta ƙofa mai 1400.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na dawo Sakkwato na kama zirga-zirgar bakin faiba, na buɗe a Wireshark, manhajar duba fakiti ɗaya bayan ɗaya, na sa yaron Illela ya sake tura hoton takardar. Fakitin waje na WireGuard ba ya ɗauke da DF, shi ya sa wata na'ura a hanya take gutsura shi maimakon ta jefar. Ga su nan a jere a allo: gutsuren farko mai bayit 1396, ɗauke da alamar cewa akwai saura. Sauran, wanda ya kamata ya zo da bayit 104, babu shi. Layi bayan layi, kai ba wutsiya.

Lambobin sun yi daidai da lissafi. A cikin 1480, idan an cire kan IP saura 1460. Ƙofa mai 1400 tana da gurbin 1380, amma ana yanka gutsure ne a kan ninkin takwas, sai ya koma 1376. Ragowar 84 su ne ke tafiya a gutsure na biyu da nasu kan IP ɗin.

Dalilin ɓacewar na biyun ma sananne ne. Lambar ƙofar UDP a gutsuren farko kawai take. Na biyun adireshi kaɗai gare shi. Na'urar NAT da ke raba adireshi ɗaya ga ɗimbin masu waya da lambar ƙofa take gane na wane ne wannan, kuma idan ba ta riƙe lissafin gutsattsari ba, sai ta yar da wanda ba ta gane ba. Rautarmu ta nan kuma ta riƙe rabin da ya iso tana jiran ɗan'uwansa, a Linux daƙiƙa 30 ake jira, sannan ta zubar. A 2020 hukumar IETF ta fitar da takarda guda, RFC 8900, a kan cewa gutsura fakiti abu ne mai rauni da bai kamata a dogara da shi ba. Abin da ta bayyana ke nan a gabana.

Na mayar da MTU ɗin bututu 1340 a ɓangarorin biyu. Hoton ya hau cikin ƙiftawar ido.

Rahoton sito kuwa ko gezau.

Asabar, 18 ga Janairu

Ashe matsala biyu ce, ɗaya a kan ɗaya, kuma ta biyun a cikin gida take.

Yau na koma kama zirga-zirga tsakanin uwar garke da rautar babban shago. Lokacin da TCP, tsarin aikawa mai tabbatar da isowar bayani, ke buɗe magana, kowane ɓangare yana sanar da MSS ɗinsa, wato mafi girman bayanin da zai karɓa a fakiti guda. Laftof ɗin Illela katin Ethernet ɗinta kawai ta sani, sai ta ce 1460, wato 1500 a cire 20 na IP da 20 na TCP. Ba ta da labarin bututu. Uwar garke ta ɗauki maganarta, ta aiko da fakiti mai 1500 cif, da DF a kansa. Rauta ta ga ba zai shiga 1340 ba, ta jefar, ta mayar da saƙon ICMP tana cewa a rage zuwa 1340. Rauta ta yi aikinta tsaf. Uwar garke ta sake aiko da 1500 ɗin. Rauta ta sake faɗa mata. Ta ƙara jinkirtawa, ta sake aikowa da shi yadda yake. Haka suka yi ta yi, tazarar tana ninkuwa, har burauzar yaron ta haƙura.

Na shiga katangar tsaron uwar garken. Layi na biyu daga sama: a jefar da duk wani ICMP. Wanda ya kafa ta tun farko ne ya sa shi, kuma na san abin da ya nufa, kada a riƙa lalubo na'urar da ping. Amma wannan layi guda ya toshe mata kunne daga saƙon da ya fi kowane muhimmanci. Tsarin gano MTU na hanya, wanda aka rubuta a RFC 1191 tun 1990, kacokan a kan wannan saƙo ya dogara. Zuwa shekarar 2000 matsalar toshe shi ta yi yawan da sai da aka yi mata takarda ta musamman, RFC 2923. Shekara ashirin da biyar ke nan, kuma har yau ina shiga ofisoshi a garin nan in tarar da wannan layi. Abin yana ci min rai, don mai shago ne ke biyan kuɗinsa: ya sayi data, ya canza SIM, ya zargi yaransa da rashin iya aiki, wani ma ya sayi sabuwar kwamfuta, alhali ciwon yana cikin layi ɗaya da aka kwafo ba tare da an san me yake hanawa ba. Wanda ba ya son ping ya toshe nau'i na 8 kawai, ya bar nau'i na 3 ya wuce. A IPv6 abin ya ma fi tsanani, domin rautocin hanya ba sa gutsura komai, mai aikawa ne kaɗai ke da wannan dama, don haka idan aka toshe saƙon nau'i na 2 da ke cewa fakiti ya yi girma, rauta ba ta da abin yi sai jefar da fakitin ba tare da mai aikawa ya sani ba.

Na buɗe wa saƙon hanya. Fakiti ɗaya ya faɗi, uwar garke ta ji, ta rage, rahoto ya sauka a Illela.

Duk da haka ban tsaya nan ba. Na sa ƙa'ida a rautocin biyu ta gyara MSS a fakitin buɗe magana na duk TCP da zai shiga bututu, ta mayar da shi 1300, wato 1340 a cire 40. Da wannan, tun daga gaisuwa ɓangarorin biyu sun san iyakarsu, ba sai an yi asarar fakiti an jira saƙo ba. Wasu na ganin gyara MSS a tsakiyar hanya ba tsabtataccen aiki ba ne, tunda rauta tana taɓa abin da ba nata ba. Na fahimci hujjarsu. Amma gobe za a kawo wata na'ura shagon nan wadda ban san yadda aka saita ta ba, kuma ba na so aikin reshe ya tsaya saboda ita.

Talata, 21 ga Janairu

Lafiya lau tun Asabar. Alhaji ya ce in yi masa bayanin abin da na gyara, tunda bai ga an sayi komai ba. Na ɗauko kwalin maganin feshi na ce, "Alhaji, a ce wannan kwali an cika shi daidai faɗin tagar sito. Sai aka ce don tsaro a saka shi cikin wani kwalin a liƙe. Tagar ba ta ƙara faɗi ba. Ko dai a rage kayan ciki tun daga wurin shiryawa, ko a farke shi biyu a bakin taga, rabi ya ɓata. Rage kayan na yi." Ya jinjina kai ya ce, "To ai mu ma haka muka yi in mota ta ƙanƙanta. Allah shi yi albarka."

Abu ɗaya na tsari: a WireGuard, MTU na mashiga ne gaba ɗaya, ba na kowane reshe ba. Idan na jona Tambuwal a mashigar da Illela take, dole ta gaji 1340. Na buɗe mata tata daban, da tata lambar ƙofa, don kowace hanya ta tafi da awonta.

Litinin, 27 ga Janairu

Tambuwal. Intanet ɗinsu ta rediyo take zuwa daga wani mai rabawa a garin, kuma PPPoE ce ita ma. Kafin in ɗora komai na auna: 1464 ya wuce, 1465 ya dawo da saƙon a rage, a fili, ba shiru ba. Hanyar 1492 ce, wato 1500 a cire 8 na PPPoE. Idan aka cire 60 saura 1432, don haka 1420 ya zauna da sarari. MSS 1380. Manhajar lissafi ta yi aiki tun gwajin farko.

Kyamarori ne suka kawo sabon zance. Na'urar adana bidiyo da ke babban shago tsohuwa ce, kuma mai saka kyamarorin ya ce ba ta ganin kyamara sai suna cikin netwok ɗaya. Shawararsa a ja EoIP, bututu mai ɗaukar Ethernet a kan IP, a cikin WireGuard, a haɗa shagunan biyu a gada ɗaya kamar kebul ne ya haɗa su.

EoIP yana cin bayit 42: 20 na IP, 8 na GRE, 14 na Ethernet. A cikin 1420 saura 1378. Matsala biyu ke nan. Ta farko, gadar MikroTik idan aka bar MTU ɗinta ya zaɓi kansa, mafi ƙanƙanta cikin mashigunta take ɗauka, don haka jona EoIP zai ja dukan netwok ɗin babban shago zuwa 1378. Na gwada a kan tebur da rautar ajiya, haka kuwa aka yi. Ta biyu ta fi wannan: gada ba rauta ba ce, ba ta aika saƙon ICMP. Duk fakitin da ya wuce 1378 zai faɗi ne babu mai faɗa wa kowa.

Hanyar da ta rage ita ce a tilasta EoIP ya ɗauki 1500, a bar shi ya gutsura. Fakitin ya zama 1542, ya rabu gida biyu, 1420 da 142. Wannan gutsurawar ta bambanta da ta Illela, kuma bambancin yana da muhimmanci: a cikin bututu take faruwa. WireGuard yana naɗe kowane gutsure a nasa cikakken fakitin UDP mai lambar ƙofa, don haka na'urorin hanya ba su ma san an gutsura wani abu ba, rautar ɗaya ɓangaren ce ke haɗa su. Na gwada, hoto ya fito.

Amma ban gamsu ba. Kowane babban fakitin bidiyo ya zama biyu, aikin rauta ya ƙaru, kuma idan ɗaya cikin biyun ya faɗi a rediyo, duka an rasa. Da yamma, lokacin da mutanen gari suka hau layin, hoton ya riƙa tsayawa yana yagewa. Gyaran MSS ba shi da tasiri a nan, don bidiyon ta UDP yake tafiya. Ga kuma duk wata hayaniyar neman juna da na'urorin babban shago ke yi tana tsallakawa Tambuwal a kan layi mai tsada.

Na cire EoIP. Na gaya wa mai kyamarorin, "Malam, mu gwada saka adireshin kowace kyamara da hannu, mu zaɓi TCP, mu gani ko na'urar za ta bi ta rauta." Biyu daga ciki sun amsa. Sauran tsofaffin samfuri ne, babu wurin saka adireshin ƙofar fita a saitinsu, ba su san hanyar mayar da amsa zuwa wani netwok ba. Shawarar da zan kai wa Alhaji ita ce a sayi ƙaramar na'urar adanawa a ajiye a Tambuwal, bidiyo ya zauna can, shi kuma ya leƙa ta bututu idan yana so.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Illela ta sake tsayawa jiya, ana tsakiyar ciniki, da alamomi irin na farko sak. Sabis ɗin layin farko ne ya ɗauke, rauta ta koma SIM na biyu na wani kamfanin, kamar yadda aka tsara mata. Ta waya na bi da yaron yana rubuta ping yana karanto min sakamako. A wannan layin 1332 ne iyaka, wato hanyar 1360. Bututu mai 1340 yana fitar da 1400, gutsurawar waje ta dawo.

Na yanke shawarar sauka 1280 a mashigar Illela, MSS 1240. Fakitin waje ya zama 1340, ya shige layukan biyu. Idan wata rana kamfanin ya mayar da hanyar waje IPv6, nauyin WireGuard zai koma 80, jimla 1360, wanda har yanzu ya shiga, ko da yake babu ko bayit ɗaya na sarari. Wannan 80 ɗin ne ma asalin 1420 da yake zuwa da shi, 1500 a cire 80.

Ba zan sauka ƙasa da 1280 ba. Shi ne mafi ƙarancin da IPv6 ta yarda da shi, kuma abubuwa da dama an gina su a kansa. Girman amsar DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshi, da aka yi ittifaƙi a kai a 2020, bayit 1232, daga nan ya fito: 1280 a cire 40 a cire 8. QUIC, wanda burauzoci ke amfani da shi yanzu ta UDP, yana buƙatar hanya ta ɗauki aƙalla bayit 1200 na bayani kafin ya yarda ya fara magana.

Akantan shago ya tambaya ko rage girman zai ƙara cin data. Na yi masa lissafi a bayan rasit. Da 1420, bayanin gaske 1380 ne cikin kowane 1480, kusan kashi 93 da ɗigo 2 cikin ɗari. Da 1280 kuma 1240 ne cikin 1340, kashi 92 da rabi. Bambancin bai kai kashi ɗaya ba. Sake aika fakitin da ya faɗi sau biyar ko shida ya fi wannan cin data nesa ba kusa ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na rubuta ɗan umarni a rautar Illela. Kowace awa tana tura ping mai DF guda biyu, ɗaya mai 1340 ta hanyar waje, ɗaya mai 1280 ta cikin bututu, da kuma ƙarami na uku don tantancewa. Idan ƙaramin ya wuce manyan suka faɗi, ta rubuta a kundinta da lokaci da SIM ɗin da take kai. Ta haka zan san ranar da kamfanin waya ya canza wani abu kafin yaron ya kira. Irin wannan zan sa a Tambuwal da 1480 da 1420.

A uwar garke na kunna tcp_mtu_probing a kan 1. Tsari ne na RFC 4821, na 2007, inda TCP da kansa, idan ya ga manyan fakiti suna ɓacewa babu bayani, yake rage girma ya riƙa gwadawa sama a hankali ba tare da jiran ICMP ba.

Na buga takarda na liƙa a cikin murfin akwatin rautar kowane shago: awon hanya, MTU na bututu, MSS, ranar da aka auna, da umarnin ping ɗin da aka yi amfani da shi.

Abin da ya rage: Alhaji ya ce a kawo masa farashin na'urar adana bidiyo ta Tambuwal kafin Juma'a mai zuwa. Wayoyin tebur da yake so tsakanin rassa ban fara su ba, muryar ƙananan fakiti ce, amma saƙon buɗe kira na SIP, tsarin haɗa kiran waya ta intanet, yakan yi girma ta UDP, sai na auna shi a kan 1280 kafin a sayi ko ɗaya. Akwai kuma maganar sabon reshe a Goronyo bayan girbin albasa, na roƙi a ba ni SIM ɗin da za a yi amfani da shi can in je in auna hanyar tun kafin a ɗaura rauta.